Ƙaramin fili a tsakar gida, ta ina zan fara lambu?

'Yar'uwa, kin ce filinki bai wuce taku goma ba, ga kaji kuma a gidan. Ya isa sosai.

Kafin ki sayi iri, ki duba inda hasken rana ke sauka a filin. Tumatir, attarugu da kuɓewa suna son rana ta awa 6 ko fiye, alayyafo da latas kuwa suna jure ɗan inuwa. Ki yi fangali kusa da famfo ko rijiya, faɗinsa kada ya wuce mita 1, yadda hannunki zai kai tsakiya ba tare da kin taka ƙasar ba. Zogale ki jera shi ta gefe, ki riƙa datse kansa don ya yi rassa. Mangwaro dai ban ba ki shawara ba, inuwarsa za ta cinye wurin.

Kashin kajin nan taki ne mai kyau, amma sai ya ruɓe, ɗanyensa ƙona shuka yake yi. Su kansu kajin, wallahi in ba ki kewaye da waya ko zana ba, rana ɗaya za su tone komai.

Latas, karas da tumatir ki bari sai hunturu. Da damina ki shuka kuɓewa, yakuwa da lalo.