Tambaya da Amsa: Me ya sa lambar waya take ɓace mini kafin in rubuta ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. Idan aka karanto mini lambar waya, kafin in ɗauko biro sai rabinta ya ɓace, alhali surorin da na haddace tun ina ƙarama suna nan daram. Ko wata larura ce ta sami ƙwaƙwalwata? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika bayyana ba ciwo ba ne. Masana halayyar ɗan Adam sun bambanta ma'ajiya iri biyu a ƙwaƙwalwa: akwai ta dindindin, inda surorinki suke zaune, akwai kuma ta wucin gadi, wadda take riƙe abin da aka ji yanzu-yanzu na ɗan taƙi kafin ta sake shi. Lambar wayar a ta biyun take sauka, ita kuwa ƙarama ce ƙwarai.

A shekarar 1956 George Miller na Jami'ar Harvard a Amurka ya nuna cewa mutum yakan riƙe abubuwa kamar bakwai a lokaci guda, da ƙarin biyu ko ragin biyu. Nelson Cowan kuma, a 2001, ya ce idan aka hana mutum maimaitawa da haɗa abubuwa rukuni-rukuni, adadin bai wuce kusan huɗu ba. Lambar wayar Najeriya kuwa alƙaluma 11 ce, kin ga ke nan ta fi ƙarfin mazubin tun kafin a je ko'ina.

Gwajin da ya fi dacewa da tambayarki shi ne na Lloyd Peterson da Margaret Peterson a 1959. Sun riƙa ba ɗalibai haruffa uku kacal, sannan su sa su ƙirga lambobi da baya, uku-uku, don kada su sami sararin maimaita haruffan a zuci. Bayan sakan 18, abin da ɗaliban suka iya tunawa daidai bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Neman biron da kike yi, ko amsa sallamar wani da ya shigo, shi ne yake yi miki aikin wannan ƙirgen. Alan Baddeley da Graham Hitch na Birtaniya sun bayyana dalilin a 1974: akwai wata murya ta cikin zuci da take ta nanata abin da aka ji, kuma da zarar an shagaltar da ita, sai abin ya dushe.

A ganina, dabarar da ta fi amfani ita ce tsinka lambar gida uku: huɗu, uku, huɗu. Farkon lamba irin 0803, wanda kunnenki ya riga ya saba da shi, gurbi ɗaya kawai yake ci maimakon huɗu. Ki ci gaba da faɗar ta a bayyane har sai kin rubuta. Surorinki ma ta wannan ƙofar suka bi, sai dai tilawar shekara da shekaru ce ta kai su ma'ajiyar dindindin.

Inda ya kamata a ga likita shi ne idan mutum ya fara ɓata a hanyar gidansu, ko yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa bai sani ba, ko kuma mantuwar ta zo farat ɗaya bayan buguwa a ka.