Man shafawa na CBD a jakar ƙwallo: zan iya tsallaka boda da shi zuwa Detroit?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan Kano ne amma na daɗe a Windsor ta lardin Ontario, har na samu fasfon Kanada. Kusan duk ƙarshen mako muna tsallakawa Detroit, wani lokaci kallon Pistons ko Red Wings, wani lokaci cefanen nama a Dearborn. Yanzu kuma yarona yana buga hokin ƙanƙara, ƙungiyarsu za ta je gasa Michigan kuma an ce in ɗauki yara biyu na maƙwabta a motata. Matsalar ita ce ran Lahadi muna buga ƙwallo, gwiwa ta fara damuna, sai na sayi man CBD (sinadarin da ake tatsowa daga wiwi) na shafawa a shago mai lasisi, kullum yana cikin jakar wasa a bayan mota. Abokina ya ce ba komai tunda doka ta halatta shi a Ontario kuma ta halatta a Michigan. Amma maiɗakina ta ji labarin wanda aka hana shiga Amurka har abada. Wallahi hankalina ya tashi. (Baban Abba, Windsor)

AMSA: Wa alaikumus salam Baban Abba. Uwargida ce ke da gaskiya, abokinka kuwa ya kusa jefa ka rami. Yau ɗin nan ka fitar da man nan daga mota, ka zazzage jakar, ka duba ƙarƙashin kujeru da aljihun ƙofa. Bayan haka ka kwantar da hankalinka, tunda ba a taɓa samunsa a wurinka a boda ba, gyaran mai sauƙi ne.

Wannan magana ta "ai an halatta nan, an halatta can" kusan kullum sai na ji ta, kuma ta ishe ni. Eh, Kanada ta halatta wiwi tun 17 ga Oktoba 2018, mutanen Michigan ma sun kaɗa ƙuri'ar halatta shi a Nuwamban shekarar. To amma gadar Ambassador da ramin da ya bi ƙarƙashin kogin Detroit ba Ontario ke iko da su ba, ba kuma Michigan ba. Jami'in da ke karɓar fasfonka ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka ne, dokar tarayya yake aiki da ita, kuma a wannan dokar har yanzu wiwi yana cikin abubuwan da aka haramta. Abin da ake sayarwa a shagunan Detroit bai shafe shi ba ko kaɗan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutane ba su san cewa ita kanta Kanada ta haramta ba. Dokar nan da ta ba ka damar saye a shago, ita ce dai ta ce laifi ne ka fita da shi daga ƙasar ko ka shigo da shi, komai ƙanƙantarsa, ko ganye ne ko alewa ko mai ko man shafawa, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14. CBD a dokar Kanada wiwi ne, ba a ware shi gefe ba. Sai wani ya ce maka ai shi ba ya sa maye, ko ai Amurka ta sassauta a kan wanda aka tatso daga wiwin masana'anta (hemp) a 2018, ko ai ina da takardar likita, duk wannan surutu ne na majalisa da guruf ɗin WhatsApp, takardar likitanka ba ta tsallakar da shi, rasiɗin shago ma haka, kuma da yawa daga kayan da ake sayarwa a Ontario akwai THC, sinadarin wiwi mai sa maye, a ciki ko da kaɗan ne, karanta jikin kwalbar ka gani. Ka saya a Detroit ka dawo da shi gida, laifin ɗaya ne.

Labarin da uwargida ta ji ba tatsuniya ba ce. Wanda ba ɗan Amurka ba, in aka same shi da laifin da ya shafi ƙwaya, ko ya amsa da bakinsa cewa ya karya dokar ƙwaya, ana iya rubuta shi a matsayin wanda ba zai sake shiga ba, kuma wannan rubutun ba ya gogewa da kansa. Fasfon Kanada ba ya kare ka, kai baƙo ne a can. Mafita sai neman afuwa da fom I-192, kuɗi masu yawa, jira na watanni, in an ba ka ma na ɗan lokaci ne, iyakarsa shekara 5 ka sake nema. In kana da katin NEXUS na saurin tsallaka boda, shi ne farkon abin da za ka rasa. Duk wannan a kan man gwiwa!

Sai kuma masu ba da shawarar "kawai ka ce babu". Don Allah kar ka saurare su. Ƙarya ga jami'in shige da fice don a bar ka ka wuce laifi ne mai zaman kansa, shi ma yana jawo haramcin dindindin, kuma suna da ikon bincike motar ba tare da sun nemi izinin kotu ba, ga karnuka. In wata rana aka tsare ka da tambayar da kake ganin amsarta za ta cuce ka, kana iya cewa kana neman janye buƙatar shiga ka koma gida, ka ga lauya kafin ka sake gwadawa. Rasa tikitin wasa ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Batun yara kuma. Direba ne ake fara tambaya a kan abin da ke cikin motarsa, don haka ka gaya wa iyayen su duba jakunkunan hokin nan kafin a loda, manya ma da za su bi ka haka. Kowane yaro ya zo da fasfonsa, ko shaidar haihuwa in ɗan Kanada ne da bai kai 16 ba tunda ta ƙasa za ku bi, sannan takardar amincewa daga iyayensa mai sa hannu da lambar waya. Naka yaron ma, in uwarsa ba ta cikin motar, ta rubuta maka. Ka tambaya da kyau ko akwai wanda katin zama na dindindin kawai gare shi, domin wannan katin ba ya shigar da mutum Amurka, fasfon ƙasarsa ake dubawa, mai fasfon Najeriya kuwa sai da biza. Ka sayi inshorar tafiya ko da ta kwana biyu ce, abin da OHIP, inshorar lafiya ta gwamnatin Ontario, ke biya a wajen ƙasa bai taka kara ya karya ba, hoki kuwa wasan karaya ne.

Cefanen Dearborn ka faɗi duk abin da ka sayo in za ka dawo, musamman nama. Tafiyar da ba ta kai awa 24 ba babu rangwamen haraji, in ta kai awa 24 akwai rangwame a kan kayan dalar Kanada 200, awa 48 kuma dala 800.

Ita gwiwar, ka kai ta wurin likitan iyali ko mai gashin ƙashi na asibiti a duba ta. In ranar tafiya ta motsa, Voltaren na shafawa da ake samu a kowane kantin magani yana tsallaka boda lafiya lau, ka bar shi cikin kwalinsa. Allah Ya ba su Abba nasara a gasar.