Wane ne Albert Jacka, kuma me ya yi har ya yi suna haka?

Malam, ka tambaya ko Albert Jacka ya cancanci yabon da mutanen Ostareliya suke yi masa. Ya cancanta, har ma ina ganin an tauye masa.

Shi ne sojan Ostareliya na farko da ya samu Victoria Cross, lambar yabo mafi girma ta jarumtaka a fagen yaƙi a Daular Birtaniya, a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Galipoli da ke Turkiyya ta yau, cikin Mayun 1915, sojojin Daular Usmaniyya suka kutsa wani sashe na ramin tsaron 'yan Ostareliya a wani wuri da ake kira Courtney's Post. Abokansa suka ɗauke musu hankali, shi kuwa ya zagaya ta baya, ya dira cikin ramin shi kaɗai, ya kashe mutum bakwai, ya riƙe wurin har gari ya waye.

Amma abin da ya fi girgiza ni ya faru ne a Pozières ta Faransa, a Agustan 1916. Jamusawa sun riga sun wuce ta kan maɓoyar su Jacka, suna kora wasu 'yan Ostareliya da suka kama. Jacka ya fito daga maɓoya da 'yan tsirarun mutanensa ya auka musu, fursunonin suka juya kan masu tsaronsu, aka ƙwato layin tsaron. Ya sha raunuka sosai. Military Cross kawai aka ba shi, lambar da ba ta kai Victoria Cross daraja ba, kuma da yawa suna danganta hakan da rashin ɓoye wa manyansa gaskiya.

A 1918 iskar guba ta fitar da shi daga fagen fama. Daga baya ya zama magajin garin St Kilda da ke yankin Melbourne a Ostareliya, ya tsaya wa marasa aikin yi, ya rasu a 1932 yana da shekara 39.