Famfon ruwan Hilux: in kwance da hannuna ko in kai gareji?

Assalamu alaikum, Baba. Ina da tsohuwar Hilux mai injin 5L, da ita nake jigilar albasa da gyaɗa daga Garwa zuwa Ngaundare. Sati biyu ke nan kullum safiya sai na ƙara ruwa a lagireto, kuma da na kama hawan dutse sai allurar zafi ta tashi. Bakanike ya ce famfon ruwa ne, amma kuɗin aikin da ya yanka mini ya kusa kamo kuɗin famfon. Ina da sifanu, ni nake juye mai, ni nake canza birki. In sayo in ɗaura da kaina? Ɗanka, daga Garwa.

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka taɓa aljihu, fara tabbatar da cewa famfon ne mai laifin. Na sha ganin an cire lafiyayyen famfo an yar, mota ta fita gareji ta ci gaba da zafinta.

Gobe da sassafe, tun inji na da sanyi, buɗe bonet ka kama fanka da hannu biyu, ka jijjiga ta gaba da baya. In ka ji ta yi lakwab-lakwab kamar haƙorin da ke shirin fita, boris ɗin famfon ya tafi. Sannan ka haska tocila a ƙarƙashin wuyan famfon, bayan fulin da bel ke juyawa. Akwai wata 'yar ƙofa a wurin wadda masu ƙera shi suka bari da gangan, don in robar ciki ta mutu ruwa ya fito ta nan ya ba ka labari. In ka ga busasshen sawu ya gangaro daga wajen, fari-fari ko mai launin tsatsa, magana ta ƙare. Wani kuma kuka yake yi, wani gurnani-gurnani da ke ƙaruwa in ka taka totur.

In ba ka ga ko ɗaya ba, nemi ɓarawon a wani wuri. Murfin lagireto ma kaɗai yana iya jawo duk abin da ka lissafa. Duba samansa, za ka ga an buga 0.9 ko 1.1. Matsin da yake riƙewa ke nan, kuma shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi kusan 120. In robarsa ta tsage, sai ruwa ya riƙa gudu ta tiyo. Ga kuma lagireton da ƙurar hunturu da ɓawon albasa suka toshe wa ido. Mafi muni, in ka tada inji ka ga kumfa na ɓulɓulowa ta bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, ko man inji ya koma kalar shayi da madara, wannan gasket ɗin kan inji ne, sabon famfo ba zai yi maka komai ba.

To, a ce famfon ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin zamansa. A wasu motocin yana fili: ka cire fanka, ka cire bel, ka kwance ƙusoshi, ga shi a hannunka. Amma a injinan dizal na Hilux irin 3L da 5L, duk da cewa bel ɗin waje ke juya shi, gindinsa na bayan murfin bel ɗin tayimin, wato bel mai haƙora da ke daidaita tafiyar fistin da bawul. Ba ka kai gare shi sai ka cire babban fulin ƙasa ka buɗe murfin nan, kuma ƙusar fulin ba ta jin lallashi, sai dogon ƙarfe da abin riƙewa. Kuɗin da bakanikenka ya yanka na wannan wahalar ne. Kuma in bel ɗin tayimin ya goce ko da haƙora kaɗan ne, fistin zai daki bawul, ka tashi daga gyaran famfo ka koma sauke inji.

Shawarata ga mai 5L da bai taɓa buɗe murfin nan ba: kada ka koyi aski a kan motar da kake ci da ita. Sayo kayanka da kanka, ka kai wa bakanike, ka ja benci ka zauna kana miƙa masa sifana. Tunda an buɗe, a canza bel ɗin tayimin da boris ɗinsa gaba ɗaya, musamman in ba ka san ranar da aka sa na ciki ba ko fitilar T-BELT da ke gaban direba ta taɓa kamawa. Kuɗin aiki ɗaya, gyara biyu. Karo na gaba kai za ka yi.

In kuwa ka ce sai ka gwada, ga abin da hannu ya koya mini. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire komai. Sassauta notocin fanka guda huɗu tun bel na ɗaure, in ka cire bel tukuna fulin zai yi ta juyawa yana maka dariya. Ƙusoshin famfo ba tsayinsu ɗaya ba, don haka samo kwali ka zana surar famfon, duk wadda ka cire ka soke ta a gurbinta. Kankare tsohon gasket tas har farce ya daina jin tudu, amma ban da gurza wurin da sukundireba. Gam kuma kaɗan, in ma ana bukatarsa. Ina saurayi na taɓa lafta shi kamar mai shafa man gyaɗa a burodi, na ɗauka ƙwarewa ce. Rarar ta ɓalle ta shige lagireto ta toshe hanyoyi, muka kwana a gefen titi da buhunan mutane. Ɗaure ƙusoshi a hankali, wannan gefe sannan wancan, kada ka hau su da ƙarfin tuwo, tsinkewa suke yi a ciki. In ka zuba ruwa, bar murfi a buɗe, inji na aiki a hankali har iskar ciki ta gama fita, ka cika, ka sake dubawa washegari. Tsohon ruwan kuma tare shi a roba ka kawar. Ruwan lagireto mai launin nan zaƙi gare shi kuma guba ne, akuya ko yaro na iya sha.

Kada gwajin farko ya zama da lodi a hawan Ngaundare. Daga Garwa, da ke ƙasa a bakin Binuwai, za ka hau tudun da ya haura mita 1,000. Je Pitowa, nan kusa da Garwa, ka dawo tukuna, ka leƙa ƙasan mota.

Baba, direbana ya kawo mini farashi biyu na famfon Land Cruiser ɗinmu mai ɗaukar kaya, ɗaya bai kai rabin ɗaya ba, kuma duka kwalinsu da sunan Toyota. Wanne zan biya? Hajiya, daga Kuseri.

Hajiya, ranki ya daɗe, kwali ba ya juya ruwa. A fito da su duka biyu a ajiye kusa da tsohon. Kamfanin Aisin na Japan na cikin masu ƙera wa Toyota famfo, kuma nasu na zuwa a kwalinsu da sunansu a jikin ƙarfen, sau da yawa ƙasa da kuɗin mai kwalin Toyota. GMB ma sananne ne. Sai dai duka ana yin jabunsu. A juya fulin da hannu: na kirki yana tafiya sumul da ɗan tauri, ba ya sakwaf, ba ya ƙara. A duba fukafukan ciki da ramukan ƙusa su yi daidai da na tsohon, a kuma je da lambar shasi. Motar da ke shiga daji, inda babu inuwa balle gareji, ni ba zan sa mata mai arhar nan ba. Ki sa mai shago ya rubuta a rasit cewa zai karɓa in ya yi yoyo.

Malam, an ce in cire tamosta saboda zafin Marwa, kuma ruwan rijiya ya wadatar. Haka ne? Wani ƙaninka direba.

Ƙanena, duka biyun a'a. Tamosta shi ne ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har inji ya ɗumama, kuma lafiyayye buɗewa yake yi da kansa in zafin ruwa ya kai lambar da ke jikinsa, kamar digiri 82, don haka a zafin Afrilu a buɗe yake, ba shi ke dafa maka inji ba. In kana zarginsa, jefa shi a tukunyar ruwa bisa wuta ka gani ko zai buɗe, in ya ƙi ka sayi sabo. Ruwan rijiya kuwa shi ke cin famfo tun farko. Dubi cikin butar shayin gidanku, farin dutsen da ya kama gindinta shi ne ke taruwa a lagireto, tsatsa kuma ta cinye fukafukan famfo har su koma kamar tsohuwar reza. Sayi ruwan lagireto na galan. In wanda ake sirkawa ne, sirka shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Na rijiya sai in lalura ta kama ka a hanya, kuma ka jira inji ya huce kafin ka taɓa murfin.