Tambaya da Amsa: Kwanon Abinci da Bishara

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa. Ni mai tuyar ƙosai ce a Wusasa. Maƙwabciyata Musulma ce, mijinta ya rasu bara, ga ciwon suga ya kwantar da ita. Nakan aika mata abinci, ranar asibiti in raka ta. A Zumuntar Mata wata uwa ta ce aikin banza nake yi tunda ban taɓa yi mata wa'azi ba. Ni kuwa tsorona kada ta ɗauka da abinci nake son sayen addininta. Yaya zan yi?
Daga wata 'yar'uwa, Zariya

Amsa: 'Yata, sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Kalmar "banza" ɗin nan ban yarda da ita ba, ko kaɗan. Buɗe Luka sura 10. Basamariyen nan ya tarar da mutum kwance cikin jini, ya ɗaure masa raunuka, ya kai shi masauki, ya biya dinari 2, ya kama hanyarsa. Samariyawa da Yahudawa ba wurin sujada ɗaya suke ba, duk da haka shi Yesu ya nuna ya ce a je a yi kamarsa. Ke ma umarnin nan kike cikawa.

Tsoronki kuma yana kan hanya. Ranar da baiwar Allah nan ta ji cewa kwanonki yana da sharaɗi, abincin zai tsaya mata a wuya, kuma danginta za su rufe miki ƙofa. Gwauruwa marar lafiya ba ta da bakin cewa a'a ga mai ciyar da ita, don haka matsa mata a wannan hali zalunci ne. Tun da mishan ta cocin Anglican ta koma Wusasa a 1929, Musulmin Zazzau suke zuwa asibitin unguwarku, ana duba su, suna komawa gida da addininsu.

Amma kada ki ɓoye ko ke wace ce. 1 Bitrus 3:15 ta ce mu zauna a shirye mu amsa wa mai tambayar dalilin begenmu, cikin tawali'u da ladabi. In ta ce, "Me ya sa kike ɗawainiya da ni haka?" faɗa mata gaskiya: "Yesu ya ƙaunace ni, shi ya koya mini." In ta so ƙarin bayani, ki ba ta. In ta yi shiru, ki bar zancen, gobe ki kai kwano kamar kullum. Kina iya tambayarta ko ta yarda ki yi mata addu'a.

Sai batun girkin. Mai ciwon suga ce, ki rage mata farar shinkafa da kunu mai zaƙi, ki yawaita wake, acca da zogale, ki bi abin da likita ya ce. Naman kuma ki saya wurin mahaucin da ta amince da yankansa.

Ita kuwa uwar Zumunta, kada ki yi musu da ita. Ki roƙe ta ta raka ki gaisuwa ranar Asabar, ta riƙo sabulu.