Hankalina yana gudu a lokacin sujada

'Yar'uwa, kin ce da zarar kin sunkuyar da kai a coci sai tunanin kuɗin makarantar yara da cefane ya ɗauke ki. Ba ke kaɗai ba ce, ni ma na sha fama da wannan.

Ki duba Luka 10. Marta ba laifi take yi ba, hidimar baƙi take yi, amma Yesu ya ce mata tana damuwa da abubuwa da yawa, 'yar'uwarta Maryamu kuwa tana zaune a gabansa tana sauraro. Abin da ke janye mu sau da yawa abu ne mai kyau.

Ni dai tun daren Asabar nake goge kaya, in haɗa miya, don kada in shiga coci ina haki. Waya kuma kashe ta nake yi gaba ɗaya, domin ko motsi ta yi a jaka, hankalina ya tafi. Na kuma bar zama a bakin ƙofa.

In tunanin kuɗin makarantar ya zo, kada ki yi kokawa da shi. Ki faɗa wa Ubangiji nan take, har da adadin, kamar yadda 1 Bitrus 5:7 ta ce mu zuba masa damuwarmu, sannan ki koma kan baitin waƙar da ake rerawa.