Tsakar gida ɗaya, ga mutane ga awaki: amsoshin tambayoyinku

Wata uwargida daga Kano ta rubuto cewa: “Mun tare a sabon gida, tsakar gidan har yanzu ƙasa ce. Ina da awaki 3, kaji 10 da kyanwar yara. Maigida na son a shafe ko'ina da siminti, ni intalok (ƙananan duwatsun siminti da ake jerawa a ƙasa) nake so, ƙanwata kuma ta ce tayil. Wanne ya fi?”

Hajiya, fara cire tayil daga lissafi. Da ruwa ya taɓa shi sai santsi, kuma tsakar gidan da ake wanki da wanke-wanke ba ta rabuwa da ruwa. Yaro ya sheƙo da gudu, ko tsohuwa ta fito alwala da asuba, sai a ji salati.

Tsakanin siminti da intalok, ina bayanki. Intalok kan bar ruwa ya nutse ta tsakanin duwatsun, kuma ran da bututun famfo ya fashe a ƙasa, ɗaga 'yan duwatsu za a yi a gyara a mayar. Siminti kuwa sai an fasa, facin kuma ba ya ɓoyuwa. Inda nake saɓa wa ku duka biyun shi ne kalmar “ko'ina”. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, daɓen siminti kan sha rana ya riƙe ta har bayan isha'i, daidai lokacin da kowa ke son fito da tabarma. Na taɓa kwana a irin wannan gidan, sai da aka kwara bokiti biyu kafin a iya shimfiɗa.

Ki raba filin. Hanyar shiga ɗakuna, wurin zama da bakin madafa a sa musu intalok. Kusurwar dabbobi a bar ta da ƙasa, a zuba burji a daddaɓe, a ɗan tayar da ita don kada ruwa ya kwanta. Fitsarin awaki a kan siminti zarni yake yi, ƙasa kuwa shanye shi take, ki share kashin ki tara taki. A kewaye wurin da wayar raga, domin akuya ba ta san zogalen uwargida ba, ba ta san shanya ba. Ƙofar akurki kada ta kalli gabas, saboda daga can hadarin damina ke tasowa da iska. Kyanwa kuwa a zuba mata yashi a wani lungu. In ba haka ba da kanta za ta zaɓi wuri, watakila tukunyar shukarki.

Kafin magini ya karɓi cikon kuɗinsa, ki sa a zuba ruwa a tsakiyar filin ki tsaya ki ga inda ya nufa. In bai bi ta kwata ya fita ba, aikin bai ƙare ba. Kada ki bari sai ruwan Agusta ya nuna miki.

Wani magidanci daga Zariya ya ce: “Maƙwabcina ya yi bene, tagarsa ta sama na hango tsakar gidana, har iyalina ba sa sakewa. Zan ƙara layi 4 na bulo a katanga. Ya isa?”

Malam, kada ka sayi bulon tukuna. Mai kallo daga sama, katanga ba ta kare shi sai ta kusa kai tsayin tagar. Layi 4 gindin katangar kawai zai rufe, tsakiyar gidan na nan a fili. Ga kuma haɗari: in katangar ta bulo inci 6 ce ba ginshiƙai, ƙara mata nauyi da tsayi neman rushewa ne a iskar farkon damina.

Rufi kake buƙata. Ka kafa rumfa a inda iyali suka fi zama, ka tsaya ƙarƙashinta ka ɗaga kai: in ba ka ganin tagar, mai tagar ma ba ya ganinka. In ta kwano ce, a ɗaga ta kamar ƙafa 10, a shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashin kwanon, in ba haka ba tanda ka gina. Sannan ka sami maƙwabcin da kyakkyawan lafazi, ka roƙe shi ya sa gilashin da ba a gani ta cikinsa. Sau da yawa mai bene bai ma lura ba. Sai in ya ƙi ne ake zuwa wa mai unguwa.

Tambaya ta ƙarshe daga wata amarya a Maraɗi: “Wace bishiya zan dasa don inuwa? Filin ƙarami ne.”

Amarya, kowa zai ce miki dogon yaro, kuma inuwarsa ba ta da na biyu. Don haka ne ya cika titunanmu tun da aka kawo shi daga ƙasashen Indiya a zamanin Turawa. Sai dai saiwarsa na tafiya neman ruwa, takan tsaga katanga ta kutsa sokawe. A ƙaramin fili gwaiba ko lemun tsami sun fi dacewa, su ma nesa da bango. Lalle na yin shinge mai kyau, ga ƙamshin furensa da dare. Ki guji bini-da-zugu in akwai yara a gidan, domin ƙwayarsa guba ce kuma sukan ci. Ki dasa da zarar ruwa ya zauna, a Yuni ko Yuli, ki kewaye dashen da ƙaya ko tsohon kwando har ya fi ƙarfin bakin akuya.